Mu San Ƙauye Kafin Mu Riƙe Masa Alli

A taron reshenmu da ya gabata an kusa cinye sa'a guda a kan magana ɗaya. Ƙannenmu da aka ɗauka aiki aka tura su ƙananan hukumomin karkara sun dame mu da roƙo, kowa yana neman wanda zai tsaya masa a dawo da shi cikin birni. Duk wanda ya miƙe a taron yana da nasa ɗan'uwan da yake son a ceto. Ban ga laifin kowa ba. Na san kuɗin mota, na san abin da ya rage a albashi bayan an cire shi, na kuma san halin da mace mai goyo take shiga idan ta fita bayan asuba ba za ta dawo ba sai bayan la'asar. Abin da ya tsaya mini a rai, har na ɗauki alƙalami, shi ne a duk tsawon sa'ar nan babu wanda ya ambaci ƙauyukan da ake gudu, ko yaran da ke zaune a cikin azuzuwansu suna jiran malami. Mun yi maganar ƙauye kamar yadda ake maganar gidan kaso: wa aka kai, yaushe zai fito.

Ra'ayina shi ne, rabin wahalar malamin ƙauye daga rashin sanin ƙauyen take zuwa, kuma akwai hanyar sanin da aka gwada aka ga amfaninta, wadda ya kamata ƙungiyarmu ta nemi a shigar da ita cikin horon malamai. Ɗaya rabin wahalar na aljihu ne, zan zo kansa. Amma bari in fara da abin da ya faru da ni, domin ni ma ba da wannan ra'ayi na fara aiki ba.

A Sheshe aka haife ni, a nan na yi allo da boko, kuma har na gama kwalejin ilimi ban taɓa kwana uku a jere a bayan ganuwa ba. Abin da na sani na ƙauye shi ne abin da ƙauye yake kawo mana: masu fura da nono, masu itace, da mutanen da suke shigowa Kasuwar Kurmi da kaya su koma da yamma. Muna yara idan wani ya yi wauta a lungu, baƙauye muke ce masa. Da wannan guzuri aka ba ni takardar kama aiki a 2004, aka tura ni wani ƙauye a kudancin Kano wanda ba zan faɗi sunansa ba, saboda mutanensa suna nan da ransu kuma ina jin kunyarsu.

Zango na farko da na biyu sun wuce ba laifi. Da aka shiga zango na uku, ruwa ya sauka, sai aji ya fara zubewa. Yaron da yake zuwa kullum ya koma zuwa sau biyu a mako, wani kuma sai ƙarfe goma ka gan shi, ƙafafunsa duk laka. Na yi abin da na ga ana yi: na ja jan biro a rajista, na ɗauki bulala na tsaya a bakin ƙofa. A raina na riga na yanke hukunci cewa mutanen nan ba sa son boko, kuma da na zo gida ƙarshen mako haka nake faɗa wa abokaina a majalisa, suna gyaɗa kai, don su ma abin da suka taso suna ji ke nan. Shekara biyu na yi a haka. Yau idan na tuna wasu yaran da na daka, sai in ji nauyi a ƙirjina.

A shekara ta uku wasu ɗalibai daga wata jami'a suka sauka a ƙauyen tare da malaminsu, za su yi kwana goma suna nazarin rayuwar karkara. Da yake ni ne mai ɗan Turanci a kusa, sai dagaci ya ce in riƙa bin su. Na zaci takardun tambayoyi za su raba, irin waɗanda ake cikewa da e ko a'a. Abin da na gani daban ne. Sun nemi a share fili a gindin wata tsamiya, suka roƙi mutane su zana musu garinsu a ƙasa. Da farko dariya aka yi ta yi. Can sai wani tsoho ya ɗauki kara ya ja layin hanyar kasuwa, wani ya ce ba nan ta bi ba, ya karɓi karan ya gyara. Kafin a yi azahar an kawo toka an fitar da rafi, an jera duwatsu a matsayin rijiyoyi, an kafa karare a wurin masallatai, an ɗora ganye a kan fadama. Ɗaliban suna gefe, ba su taɓa komai ba, tambaya kawai suke jefawa jefi-jefi. Malaminsu ya ce da ni in kwafe taswirar a takarda.

Ina cikin kwafewa na ga abin da ya shekara biyu yana gabana ban gani ba. Unguwanni biyu suna hayin rafi, makaranta tana wannan ɓangaren. Da rani rafin yashi ne, ko akuya tsallake shi take yi. Da damina kuwa, idan aka kwana ana ruwa, babba ma sai ya jira ya janye. Na koma ɗaki na buɗe rajista, na bi sunayen da na fi ja wa jan biro ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu 'yan hayi ne. Yaran da nake duka saboda makara, tsayawa suke yi a bakin ruwa har ya sauka zuwa gwiwa, sannan su tuɓe riga su ɗora littafi a ka su haye, su zo su tarar da ni da bulala.

Kashegari aka yi jadawalin shekara. An ja layuka goma sha biyu, aka ba mutane ƙwayar masara su zuba a kowane wata gwargwadon yawan aikinsa. Tulin ya taru a lokacin noman firi da maimai, sannan ya sake tashi da kaka, lokacin yankan gero, cirar gyaɗa da roron wake. Aka sake yin wani na abinci, sai ga watannin da rumbu yake ƙarewa sun faɗo daidai kan watannin da aiki ya fi yawa. Aka yi na ciwo, zazzaɓi ma ya zo ya zauna a wurin. Ɗalibai mata suka shiga cikin gidaje suka yi nasu da matan aure, suka fito da abin da mazan ba su ambata ba ko sau ɗaya: ranar kasuwar garin da ke maƙwabtaka da su, wadda kowace yarinya mai talla take tafiya tun da hantsi. Ranar ce kuwa nake rasa 'yan matan ajina, ni kuma na sa gwajin lissafi a ranar, mako bayan mako.

Daga baya na san cewa abin da ɗaliban suke yi yana da tarihi. Wani masani ɗan Ingila, Robert Chambers, na Cibiyar Nazarin Cigaba da ke Jami'ar Sussex, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan hanya ta binciken karkara tare da mutanen karkara. A littafinsa na 1983 ya soki irin ziyarar da jami'ai suke kai wa ƙauye, ya kwatanta ta da yawon buɗe ido. Jami'i yana zuwa da rani ne lokacin da hanya take biyuwa, ya tsaya a garin da ke bakin kwalta, ya gana da masu gari da masu hali, kusan dukkansu maza, ya koma ofis kafin magariba yana ganin ya san talauci. Wanda ya fi shan wahala yana can nesa da titi, kuma wahalarsa da damina take tsananta, lokacin da babu mai zuwa. Maganin da Chambers da abokan aikinsa a Indiya da Kenya da wasu ƙasashe suka tsaya a kai a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 shi ne baƙo ya sauka daga kujera, ya miƙa wa mai gari karan zane, ya saurara. Duk malamin da ya taɓa karɓar baƙuncin mai duba makarantu zai gane hoton da Chambers ya zana.

Sai dai ba na son mu ɗauka daga waje kaɗai wannan darasi ya zo mana. A ƙasarmu aka koyi babban ɓangarensa, daga bakin manomanmu. A 1966 da 1967, David Norman da ma'aikatansa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka bi gidajen manoma a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi kusa da Zariya, shekara guda cur suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da abin da aka samu. A lokacin malaman gona suna yi wa manomi kallon mai taurin kai saboda ya ƙi shuka abu ɗaya a gona ɗaya, yana cakuɗa gero da dawa da wake. Da aka yi lissafi sai ya bayyana cewa haɗin ya fi kawo amfani a kowace eka, ya fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli lokacin da hannu yake ƙaranci, kuma idan ruwa ya yi gardama ba a tashi hannu rabbana. Manomin da ake cewa bai waye ba shi ne yake da lissafi daidai. Binciken nan na Samaru yana cikin tushen abin da duniya ta zo tana kira nazarin tsarin noma, wato a fahimci gonar manomi yadda take kafin a ce za a gyara ta. A lura kuma da watannin: Yuni da Yuli, tsakiyar zangonmu na uku.

A 1967 Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina kaɗan. Tana son ta san yadda arziki ya rabu tsakanin gidaje, kuma ta san idan ta tambayi mutum abin da ya mallaka ba zai faɗa ba. Sai ta nemi mutanen garin da suka san kowa su raba gidajen kashi huɗu gwargwadon yadda suke jure watannin da ke gaban kaka: waɗanda suke da rarar da har suke taimakon wasu, waɗanda suke wadace, waɗanda suke ɗan jigata, da waɗanda yunwa take kamawa sosai. Littafinta na 1972 ya rushe tunanin da ake yi cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke a talauci. Akwai mai sayar da hatsi da damina lokacin da ya yi tsada, akwai wanda ya sayar da nasa tun da kaka da araha, ya koma yana ƙwadago a gonar wani yana barin tasa cikin ciyawa. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yara biyu suna zaune a benci ɗaya, ɗaya ya ci tuwo ya ƙoshi, ɗaya ko koko bai sha ba kuma da an tashi gonar wani zai wuce, mu kuwa aikin gida ɗaya muke ba su, bulala ɗaya muke yi musu. Polly Hill ta dawo Kano ta yi irin wannan aiki a Ɗorayi, ta wallafa shi a 1977. Ɗorayin da ta sani gonaki ne da gidajen gandu. Wanda ya bi ta can yau ya san birni ya haɗiye su.

Na uku shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero. Tun a 1965 shi da abokin aikinsa suka bayyana yadda ƙauyukan da ke kewaye da Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, saboda taki. Jakuna suna shigowa birni da itace da hatsi, suna fita da taki da tokar murhu da sharar gidaje. Da na karanta wannan sai na tuna kakata tana cewa a da ba a barin juji ya taru a ƙofar gida, masu jaki ne suke zuwa su kwashe. Ashe tokar murhun Sheshe tana komawa gona ta dawo mana a matsayin gero. Bayan farin 1972 zuwa 1974, Mortimore ya riƙa komawa ƙauyen Dagaceri, wanda yanzu yake cikin Jihar Jigawa, shekara bayan shekara har fiye da goma, yana bin yadda mutane suke canza irin gero, suke tafiya cirani, suke komawa ga ganyayen daji idan abinci ya yanke. Abin da nake so mu ɗauka daga gare shi shi ne komawar. Sani na gaskiya bai samu a kwana goma.

Abin da rashin tambaya yake jawowa kuwa, ba sai na yi dogon bayani ba. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, ruwa ya ci gonaki, rikicin diyya ya taso, kuma a 1980 aka yi arangama da 'yan sanda aka rasa rayukan manoma. Daga irin waɗannan darussa ne ayyukan raya karkara suka fara sauya salo. Kashi na uku na shirin Fadama, wanda ya kai ga dukkan jihohi har da Kano, an gina shi ne a kan ƙungiyoyin manoma su zauna su tsara abin da suke buƙata da kansu. A ɓangarenmu ma, kwamitocin kula da makarantu da shirin ESSPIN ya taimaka wajen ƙarfafawa a Kano da Jigawa da Kaduna daga 2008 a kan wannan tunani suka tsaya: iyaye da mata da matasa su sami bakin magana a makarantar garinsu.

Duk da haka ba zan ɓoye aibin wannan hanya ba, don na gan shi da idona. A gindin tsamiyar nan, idan ɗan'uwan dagaci ya yi magana babu mai musa masa, ko da kowa ya san ba haka ba ne. Fulanin da ke zaune a gefen gari ba a kira su ba, sai da wata ɗaliba ta tambayi ta ina shanu suke bi zuwa mashaya, sannan aka tuna da burtali, aka zana shi da ƙyar, don rabinsa an riga an nome. Matan da ke cikin kulle, da babu ɗalibai mata da ba a ji muryarsu ba ko kaɗan. Wannan tsohon darasi ne: da Mary Smith ba ta zauna da Baba ta Karo a Giwa a 1949 da 1950 ba, da mun rasa ɗaya daga cikin manyan shaidu na rayuwar matan karkarar Hausa, domin babu namijin da za a faɗa wa abin da aka faɗa mata. Sannan mutanen ƙauye ba wawaye ba ne. Sun ga baƙi da yawa, sun san amsar da take kawo rijiyar burtsatse, kuma idan suka ga farar mota suna iya jera maka buƙatu kamar karatu.

Babban aibin shi ne na ƙarshe. Ɗaliban sun yi kwana gomansu, suka yi godiya, suka tafi da takardun. Iska ta share taswirar kafin mako ya zagayo. Na tabbata sun ci jarrabawa, wataƙila wasunsu manyan ma'aikata ne yanzu, amma ƙauyen bai sake jin ɗuriyarsu ba. Tsohon da ya fara jan layi ya tambaye ni sau uku ko an aiko da sakamako, har na fara kauce masa a masallaci. Mutane sun ba da yininsu a tsakiyar aiki, sun buɗe cikinsu, wani ya tafi da shi ya sami digiri. Idan haka za a riƙa yi, ban ga bambancinsa da tsohon yawon buɗe idon ba, sai dai wannan ya fi ladabi.

A nan ne malamin firamare ya fi kowane mai bincike dama. Shi ba ya tafiya bayan kwana goma. Yana nan da rani, yana nan da damina, yana ganin yaran kowane gida, na mai hali da na mai ƙwadago, na Bahaushe da na Bafulatani, kuma ba ya zuwa da farar mota balle a yi masa karatun buƙatu. Kwafin taswirar da na yi wa malamin jami'ar, na yi wani na biyu na manna a bangon ofishin hedimasta. Da shi muka kira iyaye. Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. An daina dukan 'yan hayi ranar da aka kwana ana ruwa, kuma duk darasin da suka rasa da safe ana maimaita musu bayan tara. Na ɗauke gwaji daga ranar kasuwa. A makonnin firi iyaye suka yarda su saki yara da safe, mu kuma muka yarda ba za mu riƙe su ba ko minti ɗaya bayan lokacin tashi, ba shara, ba noman gonar makaranta. Mutanen hayi suka yi gayya suka jera duwatsu a mashigar rafin. Ban ce aji ya cika ba. Yunwar watan Agusta ba ta san taswira ba, kuma akwai 'yan matan da aka cire aka aurar ina ji ina gani. Amma na daina faɗin cewa ba sa son boko, su ma suka daina yi mini kallon ɗan birni mai bulala, kuma shekaru huɗun da na ƙara a garin sun fi biyun farko sauƙi nesa ba kusa ba.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin malamai. Za su ce malamin da yake fama da yara fiye da kima a aji, ga ƙarin girman da ya makale, ga bashin mai shago, shi za a ƙara ɗora wa aikin bincike? Maganar tana da ƙarfi, kuma ba na goyon bayan a ƙara mana ko da takarda ɗaya ta cikewa ba tare da an biya ba. Idan aka mayar da wannan abu fom ɗin da za a aika ofis a ƙarshen zango, ya mutu tun kafin a haife shi, domin a ɗaki za a zauna a ƙirƙiro taswirar. Dole alawus ɗin karkara da gidajen malamai su kasance a gaba cikin buƙatunmu. Malamin da yake kwana a birni yana isa makaranta ƙarfe tara ba zai san ƙauye ba ko da an ba shi horo goma. Amma mu ma mu yi wa kanmu adalci. Lokacin da muke zuwa gaban hukuma neman haƙƙin malaman karkara, da me muke zuwa? Da ƙorafi. Da a ce kowace makaranta tana da taswirar da ta nuna nisan da yara suke takawa, da rafin da yake raba gari, da watannin da aji yake zubewa da dalilinsa, da hujja za mu ajiye a kan tebur. Jihar da ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, tana buƙatar wanda zai gaya mata dalilin da ya sa yaro yake cikin rajista amma ba ya cikin aji. Babu wanda ya fi mu kusa da amsar.

Saboda haka ga abin da nake roƙon shugabannin reshe su kai gaba. A nemi kwalejojin ilimi su ware wani ɓangare na koyarwar gwaji a yi shi a makarantar karkara, ɗalibi ya kwana a garin, kuma makonsa na farko ya tafi a kan sanin garin tare da mutanensa: taswira, jadawalin shekara, zagayen ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan tare da wanda ya san kowace gona. Yanzu yawancin ɗalibai makarantar da ke kusa da gida suke nema, ni ma haka na yi, na fito da takardar shaida ban san ranar da ake cirar gyaɗa ba. A tura mata da maza tare, don kada rabin garin ya zama a rufe. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: abin da aka gano a karanta wa mutanen garin a bainar jama'a su gyara, kuma kwafin farko ya zauna a makarantar, a hannun kwamitin iyaye. Sabon malamin da aka tura kuma a ba shi makonni biyun farko ya yi haka nan kafin a danƙa masa aji. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron bita guda ɗaya a otal ba.

Mu da muke koyarwa a cikin ganuwa kada mu ɗauka maganar ba ta shafe mu ba. Da na dawo birni na zaci na san Sheshe kamar tafin hannuna, tunda a nan aka yanke mini cibiya. A bara na sa 'yan aji biyar su zana unguwarsu da alli a kan simintin baranda, kowa ya nuna gidansu da hanyar da yake bi. Suka zana lungunan da nake bi tun ina yaro, amma suka sa abubuwan da ban sani ba: kwatar da take ambaliya ta hana ƙanana wucewa, kwanar da 'yan mata suke zagayewa saboda samarin da ke zama a wurin, gidan da ake sayen ruwa idan famfo ya ɗauke, wanda layinsa ne yake sa wasu makara. Yarinya ɗaya ta tsaya a gefe ba ta zana komai ba. Da na tambaye ta sai ta ce ita gidansu ba a nan yake ba, aikatau aka kawo ta, garinsu yana da nisa. Na ba ta alli na ce ta zana garin nasu a ɗaya gefen barandar. Ta zana rijiya, da kuka, da makarantar da ta baro a aji uku. Na riga na nemi hedimasta ya ba ni minti ashirin a taron iyaye na wannan zango don in nuna musu kwafin zanen, kuma duk abokin aikin da yake son ganin yadda ake yi, ƙofar ajina a buɗe take ranar Alhamis bayan tara.